DIGIRI BIYU A JERE: SHAWARA GA MATASAN ƘASAR YAWURI DA IYAYENSU

  

Ya ku 'yan'uwa, akwai wata tambaya da ta yawaita a bakin matasanmu da iyayensu a ƙasar Yawuri, tun daga Yelwa da Birnin Yawuri har zuwa Wara da Shanga da sauran garuruwan bakin tafkin Kainji. Tambayar kuwa ita ce: yaron da ya zaɓi karatun harkokin kasuwanci, shin ya haɗa digirin farko da na biyu, wato wanda ake kira MBA, ya yi su a jere ba tsayawa, ko kuwa ya yi na farko ya fita duniya tukuna? Tambayar ba ƙarama ba ce, domin a bayanta akwai gonar fadama da za a jinginar, da shanun da za a kai kasuwa, da injin jirgin ruwa da za a rabu da shi, da kuma shekarun ƙuruciya waɗanda ba sa dawowa.

Ra'ayinmu a taƙaice shi ne: ga mafi yawan 'ya'yanmu, a raba su. A yi digirin farko, a yi wa ƙasa hidima, a shiga kasuwa ko wani aiki na haƙiƙa shekara biyu zuwa uku, sa'an nan a yanke shawara a kan na biyu. Ga dalilanmu, tare da hujjojin waɗanda suka saɓa mana, domin ba mu so mai karatu ya karɓi magana ba tare da ya auna ta ba.

MENE NE AKE TALLATAWA?

Da farko ya kamata mu san cewa wannan tsari na haɗe digiri biyu ba haifaffen ƙasar nan ba ne. A Amurka jami'o'i da dama suna ba ɗalibi damar ƙara shekara ɗaya a kan huɗun da ya yi, ya fita da takardu biyu. A Indiya kuma babbar cibiyar koyar da gudanarwa ta birnin Indore ta buɗe irin wannan shiri na shekara biyar a 2011, wasu makarantu suka bi sahunta. A Nijeriya kuwa hanyar da aka sani ita ce shekara huɗu ta digirin farko, sai shekara ɗaya ta yi wa ƙasa hidima, wadda aka kafa tun 1973, sa'an nan digiri na biyu. Galibin jami'o'inmu ba sa ɗaukar mutum karatun gaba da digiri sai ya nuna takardar kammala hidimar ko ta yafe masa ita.

Saboda haka abin yakan zo wa mutanenmu ne ta ƙofa biyu. Ƙofa ta farko ita ce ta dillalan makarantun ƙetare, waɗanda ke yaɗa tallansu ta Facebook da WhatsApp, suna cewa a biya kuɗi yaro ya dawo da digiri biyu cikin shekara biyar, wani lokaci ma ƙasa da haka. Ƙofa ta biyu ita ce ta gida: yaro ya gama a Sakkwato ko Birnin Kebbi ko Zariya, ya cire kakin hidimar ƙasa, ya nemi aiki wata shida bai samu ba, sai ya ce gara ya koma makaranta da ya zauna a gida ana kallonsa. Ƙofofin biyu ɗaki ɗaya suke kai mutum, wato ya riƙe babbar takardar shugabancin kasuwanci alhali bai taɓa sayar da ko buhun albasa ɗaya ba.

ABIN DA MASU ABIN SUKA GANO

Abin lura shi ne waɗanda suka ƙirƙiro wannan digiri su da kansu sun gwada haɗawar tun da daɗewa. Makarantar Tuck ta kwalejin Dartmouth a Amurka, wadda aka buɗe a 1900, da irin wannan tsari ta fara: shekara uku a kwaleji, biyu a makarantar kasuwanci. Daga baya abin ya canza, har ya zama a yau manyan makarantun kasuwanci na can ɗaliban da suke ɗauka, a matsakaici, sun yi kimanin shekara biyar suna aiki. Jami'ar Harvard, wadda ta fara ba da MBA a 1908, tana da wani shiri na ɗaukar ɗalibi tun yana ajin ƙarshe na digirin farko, amma ba ta barinsa ya shiga aji sai ya je ya yi aiki aƙalla shekara biyu. Wato ta ajiye masa gurbi, ta tura shi kasuwa. Haka nan wani shehin malami a jami'ar McGill ta ƙasar Kanada, Henry Mintzberg, ya fitar da littafi guda a 2004 yana kafa hujja cewa ba a mayar da wanda bai taɓa shugabantar kowa ba ya zama shugaba a cikin aji.

Dalilin haka a fili yake ga wanda ya san yadda ake koyar da wannan darasi. Akasarin karatun MBA ba hadda ba ce. Akan kawo labarin wani kamfani da ya shiga matsala, a ce wa ɗalibai su tattauna mafita, kowa ya kawo abin da ya gani a wurin aikinsa. Wanda ya taɓa bin bashi ya rasa, ko ya taɓa sallamar yaron shago saboda ha'inci, ko kaya suka taɓa lalace masa a hanya, shi ne zai ɗebi amfani, domin kowane darasi yana faɗawa ne a kan wani tabo da yake da shi. Wanda bai taɓa ba kuwa sai ya haddace kalmomin, ya ci jarrabawa, ya fito da baki cike da Turanci amma hannu wayam. Bugu da ƙari, mafi yawan abin da za a koya masa, irin su lissafin kuɗi da tallace-tallace da tattalin arziki, maimaici ne na abin da ya karanta shekara ɗaya ko biyu da suka wuce. Asali ma MBA ya fi amfanar injiniya ko likita ko masanin noma da ya sami kansa a kujerar shugabanci yana bukatar ilmin gudanarwa. Wanda ya yi digirin farko a kasuwanci ya zarce kai tsaye, ya biya kuɗi sau biyu ne a kan kaya kusan iri ɗaya.

Mu kuwa Hausawa wannan ba sabon ilmi ba ne a gare mu. Ƙasar Yawuri tana kan tsohuwar hanyar fatake masu zuwa Gwanja sayen goro, kuma an san ayari yana da madugu da jagaba da uban dawaki. Ba a taɓa naɗa madugu don ya iya lissafi kawai ba. Sai wanda ya yi shekaru yana bin hanya a ƙarƙashin wani, ya san mashigin ruwa, ya san sarakunan da ake biya fito, ya san zangon da ake kwana lafiya da wanda ba a kwana. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955 yana cikin mafi dukiyar mutanen Afirka ta Yamma, a kan wannan fatauci na goro ya koyi sana'arsa kafin ya shiga cinikin gyaɗa a Kano. Ba muna cewa a bar makaranta ba ne, domin zamani ya canza, kuma jahilci bai taɓa zama ado ba. Muna cewa ne a kiyaye jerin da magabata suka bi: hanya tukuna, sa'an nan maduganci.

MAKARANTAR DA KE BAKIN RUWA

Wani zai ce, to ina aikin yake da za a je a yi? Wannan tambaya ce ta gaskiya, amma tana ɗauke da wani kuskure, wato ɗaukar cewa aiki shi ne kujera a banki ko a ma'aikatar gwamnati kawai. Mu dubi abin da ke gabanmu.

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, aka tayar da mutane fiye da dubu 40 daga garuruwansu da tsibiransu, tattalin arzikin wannan yanki ya rataya ne a kan tafkin. A shekarun farko kifi ya yi yawa ƙwarai, masunta suka yi ta kwararowa daga nesa, amma kafin ƙarshen shekarun 1970 kamun ya faɗi warwas. A shekarun 1990 sai da wani shirin haɗin gwiwar Nijeriya da Jamus ya shigo, aka kafa dokokin lasisi da hana irin tarun da ke kwashe 'ya'yan kifi. Har gobe cibiyar binciken kifin ruwan daɗi tana nan a Sabuwar Busa. To, tsakanin Basarken da ya kama giwan ruwa da dare da matar da ta sayi banda a kasuwar Onica akwai dillali da mai banda da mai mota da mai ba da bashin koma, kuma a kowane hannu akwai riba da asara waɗanda ba kowa ke rubutawa ba. Yaron da ya karanta lissafin kuɗi ya zauna shekara biyu yana riƙe wa ƙungiyar masunta littafi, zai san abin da babu malamin da zai gaya masa.

Haka batun albasa, wadda aka san Gungawa da nomanta tun kafin a yi tafkin. Kowa ya san lokacin kaka farashi yakan faɗi har manomi ya rasa kuɗin buhu, in damina ta yi nisa kuma ya tashi, amma a tsakani wani kaso mai yawa ya ruɓe a wurin ajiya. Ga matsalar kasuwanci tsantsa: ajiya, da jari, da sanin lokacin sayarwa. Haka batun shinkafa. A watan Nuwamban 2015 a Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin Babban Bankin Nijeriya na ba manoma rance, a 2016 aka fito da shinkafar haɗin gwiwar Legas da Kebbi, a 2017 aka buɗe babban kamfanin casar shinkafa a Argungu. Kuɗi masu yawa sun shigo, amma biyan rancen ya zama abin ce-ce-ku-ce a ƙasa baki ɗaya, kuma wani ɓangare na matsalar shi ne ƙarancin masu riƙe rubutu na gaskiya a tsakanin banki da manomi. Haka batun sufurin ruwa. Ba mu manta da jirgin da ya nutse kusa da Wara a watan Mayun 2021 ba, inda aka yi asarar rayuka masu yawa, Allah Ya jiƙansu. Rajistar fasinja, da iyakance lodi, da asusun gyaran jirgi, da rigunan ceto, duk ayyukan gudanarwa ne, kuma rashinsu rai yake ci.

Abin da muke so a fahimta shi ne yankinmu ba ya fama da ƙarancin masu manyan takardu kamar yadda yake fama da ƙarancin masu ilmi da za su yarda su zauna a bakin ruwa su yi aiki da shi. Wanda ya yi haka shekara uku, in ya shiga ajin MBA a Zariya ko Kano ko Sakkwato, zai shiga ne da tambayoyinsa a hannu, ya san abin da ya je nema. Iya ruwa fid da kai, kuma ba a tudu ake koyonsa ba.

LISSAFIN KUƊI DA INGANCIN TAKARDA

Sai maganar kuɗi, wadda iyaye suka fi kowa sanin zafinta. Kafin watan Yunin 2023 dalar Amurka a farashin gwamnati ba ta kai naira 500 ba, amma a cikin 2024 ta haura naira 1,500. Uban da ya ɗaura wa kansa alkawarin biyan kuɗin makarantar ƙetare na shekara biyar kafin wannan canji, ya wayi gari nauyin ya ninka sau uku, alhali kifinsa da shinkafarsa da naira ake sayensu. Duk shirin da ya fi tsawo ya fi fuskantar irin wannan haɗari. Kuma wajibi ne a tambaya tun kafin a sa hannu: in kuɗi suka yanke a shekara ta huɗu, yaron zai fito da digirin farko a hannu, ko kuwa sai an kai ƙarshe ake ba da komai? Wanda bai yi wannan tambaya ba yana iya dawowa da shekara huɗu a bayansa ba ko takarda ɗaya.

Akwai kuma batun inganci. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida ya fallasa yadda ya sami digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin 'yan makonni, har ya shiga hidimar ƙasa da shi. A watan Janairun 2024 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance takardun jami'o'in Benin da Togo. Jiharmu tana iyaka da Benin, saboda haka wannan darasi namu ne kafin na kowa. Duk wanda ya yi maka alkawarin digiri biyu cikin lokacin da bai isa a yi ɗaya ba, to ka san takarda yake sayarwa, kuma mai neman aiki da takardar da ya san bai karanta ba ya fara rayuwarsa ne da algus. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Ya kamata kuma a bambance tsakanin MBA da digiri na biyu na bincike. Na farko na masu sana'a ne, na biyun shi ne matakalar mai son koyarwa a jami'a da yin digiri na uku. A jami'o'inmu da yawa mai MBA ba ya wucewa digiri na uku kai tsaye. Yara da dama ba sa sanin wannan sai bayan sun biya kuɗi.

INDA ADDINI YA SHIGO

Ba za mu rufe wannan babi ba sai mun taɓo abin da ya shafi kowane Musulmi mai karatun kasuwanci. Darasin sarrafa kuɗi a waɗannan makarantu an gina shi ne a kan kuɗin ruwa, da shi ake auna darajar jari da ribar kowane shiri. Koyon yadda abin yake aiki ba laifi ba ne, hasali ma wanda bai san shi ba ba zai iya kauce masa ba. Amma yaron da ya yi shekara biyar a jere yana shan wannan darasi bai taɓa zama gaban malami ya karanta babin ciniki ko da a Risala ba, akwai tsoron ya fito yana ganin babu wata hanyar juya dukiya sai wannan. Shekarun tsakani dama ce ta cike wannan giɓi: ya san hukuncin salam, wanda shi ne mafi kusa da abin da manomanmu ke yi in sun karɓi kuɗi kafin girbi, ya san ƙirali da tarayya a jari, ya san cewa aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani a kan rubuta bashi take. Kuma a yau wannan ilmi yana da kasuwa. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, Lotus a 2021, Gwamnatin Tarayya ta fitar da sukuk na farko na naira biliyan 100 a 2017, Jami'ar Bayero kuma tana da cibiya ta musamman a kan harkar banki da kuɗi ta Musulunci. Wanda ya jira ya san inda zuciyarsa ta karkata yana iya zaɓar wannan fanni a digirinsa na biyu, maimakon ya karɓi duk abin da dillali ya ɗaure masa cikin ƙunshi ɗaya.

HUJJAR MASU CEWA A ZARCE

Adalci ne mu kawo hujjar ɗaya ɓangaren, kuma tana da ƙarfi. Suna cewa ɗan Arewa in ya bar makaranta da wuya ya koma, domin aure da 'ya'ya da nauyin ƙanne suna jiransa a bakin ƙofa. Suna cewa yajin aikin malaman jami'a, kamar na wata takwas da aka yi a 2022, ya riga ya cinye wa yara shekaru, don haka babu sauran lokacin ɓatawa. Wannan gaskiya ce. Amsarmu ita ce MBA na daga cikin karatun da aka fi sauƙaƙa wa mai iyali, domin jami'o'i da dama suna yin sa a ƙarshen mako, ga kuma karatu daga nesa. Mutumin da ke da sana'a yana iya biya wa kansa, ba sai an sayar da gonar gado ba. Wanda kuma ya fita ya ga bai bukaci komawa ba, to bai yi asarar komai ba, ya tsira da kuɗinsa ne.

Duk da haka akwai mutum huɗu da muke ganin zarcewa ta dace da su. Na farko, wanda ya sami cikakken tallafin karatu daga hukuma ko wata gidauniya a makarantar da aka tabbatar da ingancinta, domin irin wannan dama ba ta jira. Na biyu, wanda ya tashi a cikin kasuwanci, yana riƙe da shagon mahaifinsa tun yana sakandare, domin shi ya riga ya yi shekarunsa na hanya. Na uku, mai niyyar koyarwa da bincike, shi kuma digirin bincike ya kamace shi. Na huɗu, 'yar'uwar da ita da waliyyanta suka auna suka ga in ba yanzu ba hidimar gida ba za ta bar ta ta koma ba, alhali al'ummarmu tana matuƙar bukatar mata masu ilmin da za su tsaya wa ƙungiyoyin mata masu banda da masu casar shinkafa. Wanda ba ya cikin waɗannan, to ya yi haƙuri, sannu ba ta hana zuwa.

KIRA

Ga matashi muna cewa: kafin ka roƙi mahaifinka ya sayar da wani abu, zauna ka rubuta a takarda wace matsala ce kake so digiri na biyu ya warware maka. In amsar da ka samu ita ce kunyar zaman gida, ko son a ga haruffa a bayan sunanka, to lokaci bai yi ba. Je ka Yelwa ranar kasuwa, ka nemi wanda za ka riƙe wa littafi ko da ladan bai taka kara ya karya ba. In kana son ƙarin takarda a wannan tsakani, jarrabawar ƙwararrun akantoci ta ICAN tana nan, ana yin ta ana aiki.

Ga iyaye muna cewa: kada ku biya dillali ko kwabo sai kun tabbatar daga Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya cewa an yarda da makarantar. Kuma ku tuna akwai ƙanne a baya, musamman mata, waɗanda kuɗin shekara ɗaya ta digiri na biyu zai iya kai su ƙarshen sakandare.

Ga 'yan kasuwarmu da shugabannin ƙungiyoyin masunta da manoma da masu jiragen ruwa na Yawuri da Ngaski da Shanga kuwa, nauyi mafi girma a kanku yake. Ba daidai ba ne mu ce wa yaro ya fita ya koyi aiki sa'an nan mu rufe masa ƙofa don tsoron kada ya ga sirrin cinikinmu. Kowane babban ɗan kasuwa ya ɗauki yaro ɗaya mai digiri, ya yanka masa lada sananne, ya buɗe masa littafi, ya koya masa abin da ya sani, shi kuma yaron ya gyara masa rubutu da lissafi. In aka yi haka shekara biyar, za mu sami matasan da in sun tafi digiri na biyu za su dawo, domin sun bar wani abu nasu a bakin ruwa.

Allah Ya sanya albarka a cikin karatun 'ya'yanmu da dukiyar iyayensu, Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta.